Shekarar da Ruwa Ya Saɓa Hanya

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024. Salaga.
Na iso jiya da yamma, baya duk ya riƙe. Hanyar nan daga Yendi a kan tarakta ba ta san tsufa ba. Na sauka a gidan Hajiya Damata kamar kullum, ɗakin nan na zaure mai warin albasa. Tun mijinta yana raye nake yi musu huɗa, da ya rasu ita ta riƙe gonar, masara ce rabi, gyaɗa rabi.
An yi ruwa nan ran Sallah, ƙasa ta jiƙa har kusan tsawon hannu. Ta ce, "Aruna, ka zo daidai. Gobe ma ka fara, kar ka ce hutawa."
Bana ma in Allah ya yarda zan bi tsarin nan na Baba: Salaga a Afrilu, Yendi a Mayu, Bawku a Yuni. Ruwa yana hawa arewa, ni ina biye da shi. Haka ya yi aiki shekarunsa duka, haka ya miƙa mini sitiyari.

Talata, 16 ga Afrilu.
Na gama ta Hajiya, na shiga na maƙwabta. Ƙasa tana juyuwa kamar tuwo. Mutane na bina da gudu a kan babur, kowa tasa ce ta fi gaggawa. Na yi kewar wannan hayaniyar, wallahi.

Juma'a, 3 ga Mayu.
Tun ruwan Sallah ko ɗigo. Masarar Hajiya ta tsiro, ta yi ganye biyu uku, ta naɗe. Yau na raka ta gona. Ta tsuguna ta tona da yatsa, ƙasar ta yi zafi kamar toka. Da muka kama hanyar gida ta ce, "Da can in ruwan farko ya sauka, na biyu yana bayansa kamar ƙani. Yanzu na farko maƙaryaci ne."
Na ce Allah zai kawo.

Lahadi, 12 ga Mayu.
Baba ya kira daga Bawku. Murya a sama, kamar yaro. An yi ruwa can, mai ƙarfi, har ya shiga zaure. A Bawku! A farkon Mayu, Salaga kuwa tana ƙonewa. Na ɗauka wasa yake yi.
"Masu shanu sun fita tun safe," in ji shi. "Yaushe za ka taho?"
Na ce, Baba, wannan ba ruwan shuka ba ne, irin wanda ya yaudare mu nan ne, ka bari sai Yuni. Ya ce to, kai ne mai gani yanzu.
Shanun huɗarsa ya sayar da su tun shekarar da gwiwa ta hana shi hawa tarakta. Ni na ce masa ya sayar. Na ce me za ka yi da shanu kana da ɗa mai injin.

Laraba, 15 ga Mayu.
Ruwa a Salaga. Kowa zai sake shuka, wasu na so a sake huɗa don ciyawa ta rufe. Hajiya ta riƙe hannun rigata a ƙofar gida: "Ba inda za ka sai ka sake bi mini ta." Na zauna.

Alhamis, 30 ga Mayu. Yendi.
Gida. Matata Atikatu ta ce na yi baƙi kamar tukunya, ta ɗora mini ruwan zafi. 'Yarmu Sadia ta yi tsayi a wata ɗaya da rabi, ko idona ne.
Nan ma ruwan ya sauko tare da na Salaga, ba a bayansa ba, don haka na tarar mutanena rabi sun gaji da jira sun kira wasu masu tarakta, rabi suna fushi. Kowa ya ce na yi latti. A Salaga na yi sauri, a Yendi na yi latti, a Bawku ban san me na yi ba tukuna.
Na haɗu da Jamaldeen, malamin gona, a wurin mai walda. Na tambaye shi, wai ruwan raguwa yake yi ne? Ya ce in aka tara na shekara aka auna, ba lallai a ga ya ragu sosai ba, akwai ma shekarun da ya fi na zamanin iyayenmu. Abin da ya lalace shi ne rabonsa: na wata guda sai ya zube a kwana biyu, sannan sama ta rufe baki. Na ce to mu masu bin sa mu bi ta ina? Ya yi dariya, ba irin ta jin daɗi ba, ya ce shi ma manoma haka suke tambayarsa.

Talata, 4 ga Yuni.
Bawku sun sake samun ruwa. Ashe na Mayun nan na gaske ne. Baba bai kira ba, ƙanwata Anisatu ce ta faɗa mini daga Garu. Geron maƙwabta ya kai gwiwa.

Litinin, 17 ga Yuni.
Sallar layya jiya. Faifan garma ɗaya ya tsage a gonar wani mai duwatsu, na rasa kwanaki ina jiran a kawo daga Tamale. Na kira Baba barka da Sallah. Bai tambaye ni yaushe ba. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 22 ga Yuni. Bawku.
Kwana biyu a hanya, ta Gushegu, Nalerigu, na gangara dutsen Nakpanduri da birki a hannu da addu'a a baki. Tun daga Garu gonaki kore shar, hagu da dama. Sai tamu, a tsakiyarsu, ciyawa ce kawai da tumakin mutane.
Baba ya fito da sanda ya zagaya taraktar, ya shafa tayar baya, ya saurari injin, ya ce mai ya yi mata yawa. Shi ke nan gaisuwar.
Ya rame. Tun rasuwar Mma, mahaifiyarmu, shi kaɗai ne a gidan nan, sai matar maƙwabci da ke aiko masa da tuwo.

Talata, 25 ga Yuni.
Mun yi huɗa, mun shuka. Lokacin gero mai saurin nuna ya wuce, dawa muka sa a tudu, masara a gangare wajen rafi. Ya ƙi zama a inuwa, shi ma sai da ya bi layi yana jefa iri.
Da la'asar muna zaune gindin ɗorawa ya buɗe baki, abin da ba ya yawan yi. Ya ce ubansa daga can arewa ya taho, bayan wata yunwa da ta cinye garinsu, ya tsaya a Bawku don ya ga ciyawa ta kai ƙugu. Ya ce shi kansa ya ga ruwa ya tafi sau biyu. Na farko yana saurayi, lokacin da Fulani da Buzaye suka cika kasuwar dabbobi suna ba da saniya a kan abin da bai kai kaza ba. Na biyu a tamanin da uku, shekarar da aka haife ni, da wuta ta ci daji har kudu, Mma tana tafasa ganye ta ce wa yara miya ce.
Na ce to ai ya dawo.
Ya ce, "Ya dawo. Har ya yi yawa, ka tuna shekarar da ya rushe mana katanga. Amma wancan fari mun san shi. Damina ce gajera, ta zo a makare ta tafi da wuri, sai ka shuka abin da zai nuna a cikinta. Wannan kuwa ban san sunansa ba."

Alhamis, 18 ga Yuli. Yendi.
Na dawo gida tun farkon wata. Aikin huɗa ya ƙare. Sama fes, kamar watan Maris. Da safe hadari yana taruwa a gabas, kafin azahar iska ta watsa shi.

Juma'a, 2 ga Agusta.
An yi roƙon ruwa bayan Juma'a. Mun fita fili har da mata da yara, liman ya juya rigarsa, tsofaffi na kuka. Ni dai na ɗaga hannu. A watan marka muke, watan da Atikatu ke faɗa da ni kan wanki ba ya bushewa. Yau ta shanya zane kafin ta gama wanke na biyu ya bushe.

Alhamis, 8 ga Agusta.
Yayyafi. Bai kwantar da ƙura a tsakar gida ba. Yara sun yi ta ihu a banza.

Laraba, 14 ga Agusta.
Hajiya Damata ta kira. Masarar da ta sake shukawa ta fid da kai, daidai lokacin da take son ruwa, ta tsaya a haka. Ba goyon kirki. Ta ce ta ɓare ɗaya ta ga totuwa fara, ƙwaya ba ta fi haƙoran jariri ba. Gyaɗa kuma ƙasa ta ƙame a kanta.
"Sau biyu na sa iri a ƙasar nan, Aruna. Na uku babu shi a ɗaka."
Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri kam shi ne ya yi albarka bana.
A kasuwar Yendi masara ta yi tsadar da masu koko suka fara rage ludayi. Atikatu ta koma haɗa garin masara da na rogo, tana tsammani ban lura ba.

Lahadi, 25 ga Agusta. Bawku.
Na zo a mota. Maƙwabta sun yanke geronsu na farko, ba yawa, amma akwai abin sa wa a rumbu. Da na zo a Mayu da mu ma muna da shi. Ba wanda ya faɗa. Matar maƙwabci ma da ta kawo fura sai ta ce sabon gero ne, sannan ta kama bakinta.
Dawarmu ba ta wuce cinya ba, ganye ya yi ja a baki. Masarar gangare ce kawai ke da sauran rai saboda laimar rafi. Baba yana zuwa wajenta safe da yamma kamar mai duba mara lafiya.
Na ce ya biyo ni Yendi ya huta. Ya ce wa zai kori awaki.

Litinin, 9 ga Satumba. Yendi.
Ya sauko. Tun shekaranjiya kamar da bakin ƙwarya, ba tsayawa. Ɗakin Sadia na yoyo, mun jera bokitai. Mutane na cewa alhamdulillahi, ni ma na ce. Amma wanda masararsa ta mutu a Agusta me wannan zai yi masa.

Asabar, 28 ga Satumba.
Anisatu ta kira tana kuka, da ƙyar na gane maganarta. Rafi ya cika ya haura, ya kwantar da masarar gangare duka, ya bar yashi a kai. Baba ya shiga ruwan wai zai tsamo abin da ya samu, ya zame, ƙugu ya bugu. Maƙwabta suka ɗauko shi. Ba karaya, in ji asibiti, amma ba ya iya tashi sai an kama shi.
Wadda fari ya bari ruwa ya ɗauka. Na zauna a kan tayar tarakta na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Laraba, 2 ga Oktoba.
Har yanzu ana ruwa. A Oktoba. Waken soyan mutane yana ruɓewa a tsaye.

Lahadi, 3 ga Nuwamba.
Mun kawo Baba Yendi. Ni da Anisatu muka tsaya a kansa, ita da kuka, ni da faɗa. Dawar da aka yanka ba ta cika kwando uku ba, ya ce a ba matar maƙwabci, ta ciyar da shi ya fi haka.
Da za mu kulle gidan ya ce a bar shi ya leƙa rumbu. Na ce Baba ba komai a ciki. Ya ce ya sani. Na riƙe shi ya leƙa.
A mota, bayan mun wuce Nalerigu, ya ce, "Ubana ya sauko Bawku, ni na sauko Yendi. Kai kuma ban san inda za ka sauka ba." Direba ya ƙara rediyo.

Alhamis, 21 ga Nuwamba.
Na sa masa kujera a bakin ƙofa. Ba ya son tuwon da aka haɗa da rogo amma yana ci. Sadia ce kaɗai ke sa shi dariya, tana kwaikwayon Hausarsa ta tsofaffi, yana gyara mata tata ta yaran yanzu, "mace ce, ki ce ta zo, ba ya zo ba."

Talata, 10 ga Disamba.
Hajiya Damata ta bar Salaga. 'Yarta ta zo ta tafi da ita Kumasi. Ta kira ni daga tasha: "Baɗi kar ka wahalar da kanka saboda ni. Na ba wani gonar ya sa kashu, itace ba ya jiran ruwan Afrilu." Ta ce in je in ɗauki tabarmata da butata a ɗakin zaure kafin masu haya su shiga.
Ba zan je don tabarma ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025.
Duk ruwan nan na Satumba ya gudu ya bar mu. Rijiyar unguwa ta koma laka, famfo sai iska. Atikatu da Sadia suna fita da jarka tun asuba.
Faruq mai walda ya ce yana da tsohon tanki a bayan shago, in ɗora a tirela in riƙa ɗebowa daga madatsar ruwan da ke hanyar Saboba in sayar a gari. Ya ce taraktar tana zaune tana tsatsa, gidanka kuma bakuna sun ƙaru. Na ce zan yi tunani. Ba wani tunani, gobe za mu ɗaura.

Asabar, 1 ga Fabrairu.
Na cire garma na jingine ta a bayan ɗaki. Baba yana kallo daga kujerarsa. Da na fito da tankin ya ce, "Wannan fa?" Na ce na ɗan lokaci ne, kafin damina. Ya ce, "Uhm."

Laraba, 5 ga Maris.
Azumi, zafi. Waya ba ta hutawa: masu gini, masu abinci, makarantar kwana, gidajen manya. Tun kafin in shigo unguwa mata sun jera robobi. Ba mai cewa na yi latti, ba mai cewa na yi sauri. Ba na kallon gabas kafin in fita.
Mun koma tuwon masara zalla. Na saya wa Baba maganin ƙugu mai kyau, Sadia ta samu takalmin makaranta. Rabon da in kwana a gidana a irin wannan lokaci ba tare da lissafin hanya a kaina ba, na manta.
Ruwan madatsar yana ja baya, sai na ƙara tsawon tiyo. Akwai wata tsohuwa a bayan masallaci da ba ta da abin biya, ina cika mata tulu in ba mutane a wurin.

Litinin, 24 ga Maris.
An ce an yi ruwa a Salaga. Mutum biyu sun kira. Na ce injin yana da matsala.

Talata, 8 ga Afrilu.
Na cika tanki da hantsi, ina hanyar kai wa masu gini, sai gabas ta yi baƙi. Kafin in kai kasuwa ruwan sama ya tsinke. Mai ginin ya kira ya ce in bar shi, duronsu duk sun cika daga rufi. Mai abinci ma haka. Na juyo gida da tankin cike, yana ta tangaɗi a bayana.
Na tarar Baba ya sa Sadia ta jawo masa kujera har bakin zubar indararo, ƙafafunsa a cikin ruwa, hula a hannu. Fuskarsa irin wadda ban gani ba tun Bawku. Ya ɗaga murya saboda ƙarar kwano: "Ka ji ƙamshin ƙasa? Wannan na shuka ne, Aruna. Gobe sai ka ɗaura garma."
Na ce in sha Allahu.
Na shiga ɗaki na canza riga. Atikatu ta biyo ni da shayi, ta dube ni ta ce lafiya, wani ya ɓata maka rai ne? Na ce gajiya ce.
Na tsaya a taga ina duban sama, ina neman inda ta fara washewa. Sai da na daɗe a tsaye na gane abin da nake roƙo a raina. Na yi istigfari.
Ya ɗauke kafin magariba. In rana ta fito sosai gobe da jibi, zuwa Juma'a duro zai koma ƙasa. Ban zubar da na tankin ba.